A dakatar da direbobin jirgin ƙasa in fasinja ya ɗauke? Muhawara

Baban Amira: Ni fa har yanzu ina kan bakana. Jiragen nan na Amurka masu kwasar ma'aikata zuwa birni da safe su dawo da su da yamma, in fasinja ya ɗauke to dakatar da direbobi na ɗan lokaci ba albashi shi ne daidai. A Afrilun 2020 da korona ta yi tsanani, jirgin Long Island da Metro-North na yankin New York sun rasa sama da kashi 90 cikin ɗari na fasinjansu. Taragai fanko ake ja, da me za a biya su? Kuma ai ba kora ba ce, kasuwa ta dawo a kira su.

Ɗan Bronx: Alhaji wannan "a kira su" ɗin a baki ne yake da sauƙi wlh. Direban jirgi ba a tasha ake tsintarsa ba, a New Jersey horon ma kawai yana cin wajen wata 20, sai ya haddace hanya, sigina, inda ake rage gudu, inda kwana take, kuma lasisinsa na gwamnatin tarayya sai an sabunta duk shekara 3, in ma ya daɗe bai bi wani layin dogo ba sai an sake gwada shi a kai. Ka ce ya zauna gida ba ko sisi, kana zaton zai naɗe hannu yana jiran wayarka?

Maman Sadiq: Kuma wa ake fara dakatarwa? Sabon shiga. Tsarinsu na daɗewa a aiki ne, ƙarami ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. Wato wanda aka gama kashe kuɗi a kan horonsa jiya jiya, mai ƙananan yara da kuɗin haya a wuya. Mijin ƙawata haka aka yi masa a wani kamfani, ya koma tuƙin babbar mota, da takardar kira ta zo ko buɗe ta bai yi ba, tana nan maƙale a jikin firij.

Baban Amira: Hajiya ai ba haka kawai ake barinsu ba, hukumar fanshon ma'aikatan jirgin ƙasa tana ba su kuɗin rashin aiki. Amtrak, hukumar jirgin fasinja ta ƙasa, ita ma ta dakatar da mutum wajen 2,000 a ƙarshen 2020, kuma ta kira fiye da 1,200 a 2021. Ga shi an dawo da su.

Malam Injiniya: Alhaji a gafarce ni, misalin nan naka mu yake taimaka wa. Amtrak jirgin dogon zango ce, wannan ɗaya. Na biyu ba kasuwa ce ta dawo da su ba, dala biliyan 1.7 da majalisa ta ba ta a Maris 2021 ce. Hukumar sufuri ta New York, MTA, ma a Nuwamban 2020 ta yi barazanar sallamar sama da mutum 9,000 da rage jiragen kewayen birni da rabi, tallafin tarayya ne ya hana.

Baban Amira: To kuɗin harajin wa ke nan? Namu dai.

Ɗan Bronx: Namu ne, amma duba 2018 a New Jersey, direbobi suka yi ƙaranci aka yi ta soke jirage mutane na cirko cirko a dandamali, wasu direbobin sun tsallaka inda albashi ya fi tsoka. Ba dakatarwa ce ta jawo wannan ba, na yarda, amma ya nuna yadda giɓin yake wuyar cikewa. Kamfanonin jiragen dakon kaya kuwa da suka zaftare ma'aikata a 2019 da 2020, zuwa 2022 suna neman mutane ido rufe, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maman Sadiq: Kar ku manta Mayun 2025, direbobi wajen 450 kacal suka shiga yajin aiki a New Jersey, jirgin kewayen birni na hukumar sufurin jihar, NJ Transit, ko ɗaya bai motsa ba.

Baban Amira: Wannan rigimar albashi ce Hajiya, kar a haɗa. Na sassauta dai kan direbobi tunda horonsu na da tsawo. Amma kwandastoci masu duba tikiti fa, su ma sai a riƙe su jirgi ba kowa?

Malam Injiniya: Kwandasta ba tikiti kawai yake dubawa ba, shi ne shugaban jirgin, shi ke kula da ƙofofi ya ba direba izinin tashi. Bari in fito daga masallaci mu ɗora.