Ina son zama mawaƙin rok, ta ina zan fara?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara biyu ke nan ina waƙa a ɗaki, kuma zuciyata na kan rok, wato kiɗan nan mai ƙarfi na jita da ganga. Na je wani situdiyo a Zoo Road, mai kiɗan ya ɗora min fiyano irin na nanaye, ya lulluɓe muryata da otocun, wato manhajar gyara murya, har ban gane kaina ba. Ga shi in na ɗaga murya minti goma sai ta dishe. Ku taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Dishewar nan za ka fara magancewa. Da maƙogwaro kake ihu, alhali daga ciki ya kamata iska ta taso. Kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja numfashi har littafin ya ɗaga, sannan ka saki iskar a hankali. Kullum bayan asuba. Kafin waƙa ka ɗumama murya da ɗan gunguni baki a rufe. Da ka ji zafi ka tsaya, kar ka yi jarumta. Ga hunturu ya shigo, sai ruwan ɗumi da zuma da citta.

'Yar Gwale: Ƙanena, kar ka tsaya kan Turawa kawai, leƙa Nijar. Saurari Bombino na Agadas da Mdou Moctar. Shi Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da otocun ɗin nan da kake kuka da shi. Yau har Amurka yake cika zaure, da harshensa na Buzaye. Kai ma rubuta da Hausa.

Mai Jita: Rok ba ya yiwuwa da mutum ɗaya da kwamfuta. Sai da mai ganga, mai bes (jita mai kaurin sauti), mai jita. Shiga Sabon Gari ranar Asabar da yamma, lokacin da makaɗan coci ke gwaji, ka yi musu sallama, ka biya su na awa ɗaya. Ni a wurinsu na koya. Satin farko yatsuna har fashewa suka yi, sai da suka yi kanta na ji daɗin waya.

Baban Ummi: Na manta, kafin ka saki waƙa ka je ka yi rajista da hukumar tace fina-finai ta jiha.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Jita, Asabar ɗin nan za ka raka ni? Ni zan biya kuɗin adaidaita.

Mai Jita: Bayan la'asar, in sha Allahu. Ka yanke farcen hannun hagu kafin ka zo.