Lambar fasfo a jikin link: in gyara ko in lallaɓa?

Ɗan Misfala: Salamu alaikum. Na haɗa wa wani ejan ɗin umara fom mai shafi uku da PHP (yaren rubuta shafukan intanet): suna da lambar fasfo, sai otal, sai biyan kuɗi. Da GET, wato ta cikin link, nake tura komai, ga lambar fasfo nan zube a adireshi bayan alamar tambaya. Azumi saura sati uku. In koma POST (tura bayani ba ta cikin link ba) da session (ajiye bayanin mutum a saba, wato kwamfutar da shafin yake a kai) yanzu, ko in lallaɓa har bayan sallah?

Abban Jidda: Wa alaikumus salam. Ka bar PHP ɗin nan, ka koyi yaren Python.

Mai Kago: Ni GET ce ta kai ni ƙasa. Na yi wa wani mai aika kaya daga Jidda zuwa Kano shafin duba rasit, ?rasit=214. Wata Hajiya ta buɗe nata, hannunta ya kai ta mayar 215. Sai ga na maigidanta: abaya shida, sarƙar zinari, da sunan amarya a wurin mai karɓa. Kafin la'asar an kira ni sau tara. Cikon kuɗina riyal 800 har yau shiru.

Ummu Sa'adatu: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ita ta yi maka gwajin da ka ƙi yi.

Ɗalibin Madina: Yaya, wannan ba laifin GET ba ne, shafinka ne ba ya duba ko mai buɗewa shi ne mai rasit ɗin. POST ma ana sauya shi, kuma in babu HTTPS, mai kulle bayani a hanya, ba a ɓoye yake ba. Illar GET a nan ita ce lambar tana zama a tarihin burauza da rajistar saba, wanda aka tura wa link a WhatsApp ma ya gani. Ɗan Misfala, sa fasfo a session. Amma layin session_start(), mai buɗe session ɗin, ya zo a farkon fayil, ko fili (space) ɗaya ya fita kafinsa zai yi maka gardama.

Mai Kago: Malam, kai da aka turo karatun hadisi? Shafi nawa ka taɓa sayarwa?

Abban Jidda: Riyal 300 wani ɗan Pakistan zai gyara maka.

Mai Kago: 300? Ni 1,500 aka ce min.

Ɗan Misfala: To ni ko sisi ejan bai ba ni ba tukuna, wai sai alhazai sun shigo.

Ummu Sa'adatu: Innalillahi. Ƙanena, bara haka aka yi wa mijina, da dabino kwali biyu aka sallame shi. Ajwa ma, dabinon Madina mai tsada, ba a sa ba.