Na buɗe ɗakin baje zane a garinmu, sai da aka kaɗa gurmi mutane suka shigo. In ci gaba?

Malamin Zane:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, zan ɗan ja zance.

Ni malamin zane ne a makarantar sakandare, a wani ƙaramin gari kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, shekara 19 ke nan ina riƙe da alli. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, shagonsa na ɗinki da ke manne da zauren gidanmu ya faɗo a rabona. 'Yan'uwana sun so in ba mai cajin waya haya. Ni kuwa na fitar da keken ɗinkin, na shafe bango da farar ƙasa, na kafa ƙusoshi, na rataye abin da na daɗe ina tarawa: zanen ɗalibaina, nawa guda shida, allunan zayyana uku da wani alaramma ya yi min, ƙore masu sassaƙa, da rigar kakanmu mai aska takwas wadda asu ya ci gefen aljihunta. Na rubuta a bakin ƙofa: Ɗakin Baje Zane, shiga kyauta.

Wata huɗu ina buɗewa kullum bayan La'asar. Littafin baƙin da na ajiye suna 37 ne a ciki, kuma rabi ɗalibaina ne da na yi wa barazana da maki. Sauran mutane a bakin ƙofa suke cijewa, su leƙo, su ce "Malam, me ake sayarwa?" Wani dattijo ya tambaye ni ko ina ɗaukar hoton fasfo.

To, bayan an gama yankan dawa, wani tsohon ɗalibina da ke kaɗa gurmi ya zo gaishe ni bayan Isha'i. Na shimfiɗa masa tabarma a bakin shagon, na ce ya ɗan taɓa mu ji. Wallahi kafin ya gama taken farko yara sun kewaye mu. Mai shayin kwana ya ɗauko teburinsa ya matso, mai tsire ya biyo baya, na shigo da fitila mai caji na ɗora a kan benci. Wajen ƙarfe goma na ƙirga mutum ya haura sittin, ciki da waje.

A daren ne na ga abin da na buɗe shagon dominsa. Wani tsoho mai sayar da goro, wanda kullum yake wucewa ko waiwaye ba ya yi, ya tsaya gaban allon zayyana ɗaya ya ƙi motsi. Can ya ɗora yatsa kusa da zanen, bai taɓa ba, ya ce wannan hannun Barno ne, irinsa aka yi masa ranar saukarsa, har ya gaya min da me aka haɗa jan tawadar da ɗorawar. Mun fi minti ashirin a tsaye.

Amma shi kaɗai ne. Sauran duk bayansu suka ba bango, gabansu na wajen mai gurmi. Wani yaro ya jingina da zanen da na fi so ya bar min tabon man gashi, ƙwarya ɗaya ta faɗo ta tsage. Da safe maƙwabcina ya yi min sallama, fuska ba yabo ba fallasa, ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya kuma ba ta runtsa ba. Da yamma saƙo ya zo daga masallacin unguwa cewa an ga samari da 'yan mata a tsaye a duhu. Maiɗakina kuma ta ce, "Kai ɗakin zane ka buɗe ko dandali?"

Tambayata ke nan. In riƙa kawo kiɗa duk wata? Tsorona kada wurin ya koma gidan wasa, zanen ya zama labule. In kuma na bari, ni da gizo-gizo za mu ci gaba da gadi.

Bakabe:

Wa alaikumus salam Malam. Ni mutumin Argungu ne, kuma abin da kake faɗa mun saba ganinsa. Muna da gidan tarihin Kanta, tsohon gidan sarki ne da aka mayar gidan tarihi a 1958. Akwai makaman yaƙi, layu, tambura, kayan su, ga kaburburan sarakuna a ciki. Ka je ranar da ba komai, za ka iya zagaye shi kai da mai yi maka bayani kawai. Amma ka zo lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, sai ka ga baƙin da suka zo kallon masunta a kogin Matan Fada da tseren kwale-kwale su ne suke cika gidan. Ba don gidan tarihi suka hau mota ba, amma sun shiga.

Shawarata, kada ka ƙirƙiro ranar taro taka. Garinku yana da ranakun da mutane suke fitowa da kansu: ranar kasuwa, yawon Sallah, walimar sauka, lokacin dambe bayan kaka. Ka jingina da waɗannan. Ranar kasuwa ka fitar da zane biyu ko uku waje ka jingina a bango, don mutumin ƙauye ba ya shiga ɗakin da bai san abin da ke ciki ba, tsoron a ce ya biya yake. Kuma ka goge kalmar "baje" ɗin nan, ita ta sa ake tambayarka me ake sayarwa.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Malam, ni ina ganin tsoronka na cewa kiɗa zai haɗiye zane bai da tushe, kuma ga dalilina. Zane na karanta a Zariya, na yi bautar ƙasa a Oshogbo, garin da yau duk mai karatun zanen Nijeriya sai ya bi ta kansa. Ka san yadda abin ya fara? A 1962 Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo da kiɗa, ya buɗe wurin da ake kira Mbari Mbayo a cikin gidansu, da taimakon wani Bajamushe, Ulli Beier. Ganguna da wasa su suka fara tara jama'a. Da Georgina Beier, wata Baturiya mai zane, ta shirya taron koyar da zane a 1964, waɗanda suka zauna suka riƙe fenti mutanen dandalin ne. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa. Jimoh Buraimoh shi ne mai kula da fitilun dandali, daga baya ya shahara da zane da duwatsun ado. Twins Seven-Seven kuwa da rawa ya shigo wurin. Wato daga cikin 'yan kallo da makaɗa masu zanen suka fito.

Saboda haka wancan yaron da ya bar maka man gashi, ka neme shi ka ba shi gawayi da takarda.

Sai dai kada in ruɗe ka. Oshogbo ta samu Turawa masu saye da masu kai aikin ƙasashen waje, ku kuwa ba ku da su. Kada ka sa rai wurin zai ciyar da kansa. Kuma ƙasar Yarbawa daban, tamu daban, musamman kan zanen mai rai. Ka yi sa'a kayan da ke hannunka, zayyana da aska takwas da sassaƙar ƙwarya, ba wanda zai ɗaga maka gira a kansu.

Inna Mai Lalle:

Ƙanena, duk kun yi magana kun manta da mu. Ka ce shagon manne yake da zaure. To wace matar aure ce za ta ratsa majalisar maza ta shiga kallon zane, balle da dare? Rabin garin ka rufe wa ƙofa ba ka sani ba. Kuma wa ke yin adon a garin naku? Wa ke saƙa faifai da tabarma mai launi, wa ke ɗinkin hula a tsakar gida, wa ke zana lalle a ƙafar amarya, wa ke jere? Mu ne. Ni shekarata 26 ina lalle, ba wanda ya taɓa ce min mai zane.

A Suleja na yi aure na fari, lokacin ana yawan ba da labarin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Tukwane take ginawa da hannu irin na matan Gwari. Sarkin Abuja na lokacin (wato Suleja ta yanzu), Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa, a nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su, ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane a 1954, ita ce mace ta farko. Da sarki bai ajiye su inda ido zai gani ba, da tulun ruwa ne kawai.

Ka ware rana ɗaya ta mata zalla, da hantsi, bayan an sallami yara makaranta an ɗora girki. Kai ka fita, ka bar wa maiɗakinka makulli. Ka ce kowace ta zo da abin hannunta a rataye da sunanta a ƙasa. In suna son kiɗa, ƙwarya da shantu sun ishe su, ba mai jin su daga titi. Za ka ga ita mai ce maka dandali ita za ta fi ka son wurin.

Baba Na Ƙofa:

Yaro, laifinka ɗaya ne, ka yi taro ba ka gaya wa masu unguwa ba. Maƙwabcinka da liman ba kiɗan ne ya fi damunsu ba, ji da suka yi daga sama ne. Ka ɗauki goro ka je wurin mai unguwa, ka je wurin liman, ka gaishe da tsohuwar da ba ta da lafiya. Ka mayar da abin tsakanin La'asar da Magariba, ba lasifika, ana kiran salla a tashi. Duhu shi ne ya jawo maka magana. Kuma ka gayyaci limamin ya zo ya ga allunan, ai nasu ne.

Ban yarda da na Samaru ba a kan abu ɗaya. Mu nan ba kowane uba ne zai bar ɗansa ya zauna inda maroƙi yake ba, ka san yadda ake kallon sana'ar. In kiɗa ya yi yawa, 'ya'yan malamai za su daina zuwa.

Malamin Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don sai da na gwada.

Baba, na bi maganarka. Liman bai zo da kansa ba, amma ya turo na'ibinsa, wanda ya duba allunan ya gyara min wani abu: ashe ɗaya na rataye shi kusa da ƙasa, inda ƙafa ke wucewa, ya ce a ɗaga. Kunya ta kama ni, ni da nake koyar da zane. Zanen mutane guda biyu kuma na mayar da su cikin gida, ba wanda ya sa ni.

Asabar da ta wuce muka yi na yamma. Na sa mai gurmin ya zauna can ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin rigar kakanmu, yadda duk mai son ganinsa sai ya fuskanci bango. Mutum 22 suka zo, ba sittin ba, mai shayi ma bai ga dalilin matsowa ba. Tsakanin kiɗa da kiɗa na roƙi tsohon mai goro ya maimaita bayanin zayyanar, ya yi, har ya zarce da labarin yadda aka zagaya da shi dangi da allon a hannu. Yara biyu sun tsaya bayan an watse suna kwaikwayon zanen a ƙasa da tsinke. Na Samaru, mai man gashin bai dawo ba, an ce ya tafi ci-rani Abuja.

Inna, maganarki ta fi ta kowa tsada a gidana. Maiɗakin ta karɓi makulli, ta tsayar da Laraba, ta kuma ce ranar ko inuwata kada a gani. Faifai 14 aka kawo da huluna biyar, yanzu ƙusoshina sun ƙare. Wata ta tambaya ko za a sayar mata da nata, in an sayar nawa ne rabon ɗaki. Ban san me zan ce mata ba, don ban taɓa kawo kuɗi a lissafin ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan, kashi nawa ake cirewa wanda ba zai zama zalunci ba? Kuma da me ake ɗinke ƙwaryar da ta tsage ba tare da an ɓata sassaƙar ba?