Sakaci muka yi da gidan Baba, ko yasar da shi muka yi?

Ɗan Panteka ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masana Hausa na wannan zaure, ku raba ni da Gwaggona, don wata kalma guda da ta jefe ni da ita ta hana ni sakat yau kwana tara.

Bikin 'yar ƙanena aka yi a Kano. Na je gaishe ta, na durƙusa, ko amsa gaisuwar ba ta gama ba sai ta ce: "Kai ne babba, kuma da kai aka yasar da gidan ubanku." Cikin mata fa, ana ta rabon alkaki. Na ce, "Haba Gwaggo, ai ba yasarwa muka yi ba, sakaci ne dai." Ta kalle ni ta ce, "To, me ya raba dambe da faɗa?" Na rasa ta cewa, na sunkuyar da kai na fito.

Ga yadda abin yake. Gidan ƙasa ne a wani ƙauye gabas da Ɗambatta: zaure, ɗakuna huɗu, rumbu biyu, da rijiya a tsakar gida. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Inna ta koma wurin ƙanena a birni saboda ciwon ƙafa. Ni ina Kaduna ina sayar da kayan gyaran mota. Shekara biyun farko ina aika kuɗin yaɓe kafin damina. Ta uku kasuwa ta yi tsaye, ban aika ba. Daga nan shi ke nan, kowace shekara sai in ce baɗi. Indararon soron Baba ya toshe, ruwa ya kwanta a kai, azara biyu suka karye. Katangar yamma ma an ce ta zube.

Amma ba mu sayar ba. Ba mu raba gado a kansa ba. Kwaɗo na nan a ƙofar zaure, makullin kuma yana cikin durowar shagona, ɗaure da jan zare yadda Baba ya bar shi. Ni a ganina wanda ya yasar da abu ba ya ajiye makullinsa. To ina tambaya: sakaci da yasarwa abu ɗaya ne, ko Gwaggo ta yi mini nauyin baki?

Malamar Sakandare ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

A ma'anar kalma kai ke da gaskiya, ba ɗaya ba ne. Ka saurari kalmomin da kansu. Yasarwa 'yar'uwar "yar da" ce, wato jefar da abu. Shi ya sa ake cewa yasasshen jariri, wanda aka ajiye a bakin masallaci ko kan bola aka juya baya, ba da niyyar a dawo ba. Watsi ma haka, daga watsawa. Sakaci kuwa ni a kunnena dangin "sake" ne da "sako-sako": igiyar tana hannunka, riƙon ne bai yi ƙarfi ba. Ai ka san ana cewa kada a yi sake ɗan zaki ya girma. Mai sake bai tafi ko'ina ba, yana nan zaune abin yake ɓaci a gabansa.

Gwada su a jimla ka ji. Za ka iya cewa "na yi sakaci tuwo ya ƙone", amma ba ka cewa "na yasar tuwo ya ƙone". Kuma sakaci yana da ƙanana da manya, ana cewa ɗan sakaci, ana cewa mummunan sakaci. Ka taɓa jin an ce "'yar yasarwa"? Ita sau ɗaya ake yin ta, da niyya, a yanke.

Ɗalibaina ma suna yawan haɗa waɗannan biyun a Turanci, neglect da abandon, duk lokacin jarrabawa. Ta farko asalinta Latin ne, ma'anarta rashin ɗaukar abu ko rashin kula shi alhali yana gabanka. Ta biyu ta shigo musu ne ta Faransanci, ma'anarta ka saki abu gaba ɗaya ya koma hannun duk wanda ya ga dama. Ita ce kalmar da suke amfani da ita idan jirgin ruwa zai nutse aka ce kowa ya fice ya bar shi. Kusan rabon da Hausa ta yi ne.

Sai dai akwai wasu kalmomi a tsakani da ban so ka manta: wofantarwa da banzatarwa. Wato ka mayar da abu wofi, ka mayar da shi banza, ko da yana hannunka. Da Gwaggo ta ce kun wofantar da gidan, da ba ka da bakin magana.

Tsohon Magini ya amsa:

Yaro, ni ban yi boko mai nisa ba, jikana ne ma yake rubuta mini wannan. Amma shekara arba'in na yi ina cuɗa ƙasa, bari in faɗa maka abin da na sani.

Bahaushe ya raba wa wuraren da aka bari suna, kowanne da nasa. Gonar da aka bari ta huta, geza da sabara suka tsiro a ciki, sunanta saura. Saura tana da mai ita, kowa a gari ya san ta wane ce, in ka sa mata garma ba izini sai an kai ka gaban dagaci. Gidan da babu kowa a ciki, rufi ya fara zubewa, jemagu sun tare, sunansa kango. Garin da mutane suka tashi kacokan suka bar shi kuwa, kufai. Alƙalawa, babban birnin Gobir, tun da aka ci ta da yaƙi a 1808 ta zama kufai. Surame ta Kanta, Sarkin Kabi, ma haka, ganuwar dutse tana nan har yau amma ba mai kwana a ciki. Wannan ita ce yasarwa ta gaskiya.

Ka dubi badalar Kano kuma. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta. Mutane ba su tashi sun bar ta ba, ga su nan dankam a gindinta, wasu na ɗibar ƙasarta, wasu na zuba shara, wasu sun ci gefenta da gini. Wannan sakaci ne. To amma je ka duba wuraren da ta baje ta zama fili, ka gaya mini da me ta fi ta Surame.

Abin da nake so ka gane ke nan. Ginin ƙasa ba ruwansa da abin da ke zuciyarka. Shi dai yaɓe yake so duk shekara, a share indararo kafin ruwan farko, a duba azara ko gara ta shiga. Da can har makuba ake shafa masa don ruwa ya zame. Kuma gidan ƙasa numfashin mutum yake so: hayaƙin murhu yana korar gara, mai shara yana ganin tsaga tun tana ƙarama ya toshe ta da hannu ɗaya na laka. Damina huɗu ba yaɓe? Ni ko ban gani ba na san tunfafiya ta tsiro a tsakar gidan nan. Naku yanzu kango ne. Bai kai kufai ba, amma hanyar ke nan.

Maman Biyu ta amsa:

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ni ina bayan Gwaggo, kuma zan faɗi dalili.

Yayata mijinta ya tafi Kudu neman kuɗi. Shekarar farko yana aike, ta biyu sai da salla, ta uku sai waya, ita ma daga baya sai an kira shi. Duk lokacin da aka yi masa magana sai ya ce, "Ni ban sake ta ba, matata ce, abubuwa ne suka yi mini yawa." Ka ji? Shi ma makullin yana aljihunsa. Ita kuwa tana ɗakin Innarmu da yara uku tana saƙa hula. Ba ta da miji, kuma ba ta da damar yin wani.

Lokacin da Kawu ya kai maganar gaban malamai ne na fahimci addini bai bar wannan ga niyyar namiji kawai ba. A Suratun Nisa'i aya ta 129 an hana miji ya bar mace kamar wadda aka rataye. Wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, wata huɗu aka ba shi a Suratul Baƙara aya ta 226, ko ya dawo ko a rabu. Wanda ya ɓace ba labari, a mazhabar Malikiyya shekara huɗu ake jira bayan ta kai ƙara wurin alƙali. Wanda kuma aka san inda yake amma ba ya ciyarwa, alƙali na iya ɗibar masa lokaci, in bai gyara ba a raba auren. Wato an sa wa abin wa'adi. Ba a ce tunda yana cewa "tawa ce" a bar shi har abada ba.

Mai yin abu shi ke kiran sa sakaci, don kalmar ta fi sauƙin haɗiya. Wanda aka yi wa, yasarwa yake ji a jikinsa. Gwaggo a gidan nan aka haife ta, ko ba haka ba? Ɗakin da ya rufta wataƙila nan aka yanke mata cibi. Kada ka kai mata ƙamus.

Ɗan Panteka ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Malama, da na karanta taki har na ji daɗi, na ce gobe zan kira Gwaggo in karanta mata. Da na zo kan ta Maman Biyu sai na fasa. E, a gidan aka haife ta, ɗakin da ke kusa da rijiya.

Baba Magini, tunfafiyar tana nan, har guda uku, ɗaya ta fi ni tsawo. Kuma akwai abin da ban faɗa ba a farko, don kunya. Bara da na je ta'aziyya ƙauyen na tafi da makullin. Na sa shi a kwaɗon, ya ƙi juyawa, tsatsa ta cinye cikinsa. Na ɗiga man inji, na jijjiga, a banza. Ƙarshe ta wurin katangar da ta zube na shiga, inda awakin maƙwabta suke bi. Wani yaro da ke kiwo ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam, wa kake nema? Ba kowa a nan." Bai ma san ni ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar Kano, in wuce ƙauyen. Baba Magini, azarar da ta karye guda biyu, ana iya sauya su kaɗai, ko sai an sauke rufin soron gaba ɗaya? Kuma tun yanzu ya kamata a kwaɓa ƙasar, ko a bari sanyi ya wuce?