Wa ya taɓa ganin yadda ake zartar da kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa?

Ɗan Mazaɓa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk ƙarshen shekara sai ka ji ana ta maganar kasafin kuɗin tarayya da na jiha, amma na ƙaramar hukuma, wanda shi ne ya shafi lambatun ƙofar gidanmu da kasuwarmu da maƙabartarmu, ko a rediyo ba ka jin ɗuriyarsa. Ƙungiyarmu ta unguwa tana so a sa mana kwalbati a kasafin baɗi, kuma ba mu san ta inda za mu ɓullo wa abin ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren kansiloli ana muhawara, ko ya bi wani aiki har ya shiga kasafi, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Kansila
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi kansila zango guda, bari in gaya maka yadda muka yi namu. Ranar da ciyaman zai gabatar da kasafi, a safiyar ranar aka raba mana kundin, mai kauri, wasu shafukan ma hoton bai fito ba. Ciyaman ya karanta jawabinsa, aka yi addu'a, aka miƙa wa kwamiti. Da muka zauna dubawa sai muka tarar mafi yawan kuɗin albashi ne da alawus da hidimar ofis, waɗanda ba mu da ikon taɓawa. Ɗan abin da ya rage na ayyukan raya ƙasa, a kansa duk hayaniyar take.

Ba na manta wani abokin aikinmu daga mazaɓar karkara. Ana gardamar yadda za a raba rijiyoyin burtsatse, kowa na cewa a yi raba-daidai, mazaɓa ɗaya rijiya ɗaya. Sai ya miƙe, ya ciro wata gorar roba daga aljihun babbar rigarsa ya dangwarar a kan teburin shugaban majalisa. Ruwa ne ja-ja, da laka kwance a ƙasa. Ya ce wannan mutanensa ke sha, wanda ya yarda a yi raba-daidai ya fara kurɓa. Ranar an ƙara masa rijiya, kuma ni na goyi bayansa duk da tawa mazaɓar ce ta rasa.

Sai dai ka sani, bayan mun amince ma ba a gama ba. Kundin yakan tafi ma'aikatar ƙananan hukumomi a babban birnin jiha, a can a rage wannan a ƙara wancan. Don haka kada ku jira ranar muhawara. Tun ran gini tun ran zane: ku kai takardarku tun lokacin da shugabannin sassa ke haɗa kiyasinsu. Shugaban sashen ayyuka za ku nema, da kansila mai gafaka na ayyuka, sannan naku kansilan. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, kuma ku tabbata an buga wa kwafinku hatimin karɓa.

Hajiya Mai Ritaya
Honorabul ya faɗi gaskiya. Ni a sashen kuɗi na yi aiki har na ajiye, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutane ke zuwa da murna an sa musu aiki a kasafi, alhali na san babu kuɗin. Kasafi kiyasi ne. Sai kuɗi sun shigo, an amince a fitar, sannan ya zama aiki.

Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A zamaninmu kason bai zuwa hannunmu kai-tsaye, sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa da sau da yawa ba mu ne muka zaɓa ba. Akwai watannin da in an biya ma'aikata, abin da ya saura bai kai a sayi man janareta a gyara motar kwashe shara ba. Na sha ganin ma'aji ya kulle ofis ya fita ta ƙofar baya saboda 'yan kwangila sun cika baranda.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kuma ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Na yi farin ciki ƙwarai, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ko kuɗin sun iso gaba ɗaya, in babu mai zuwa ya zauna ya saurara, ya tambaya, ba abin da zai hana a maimaita a sakatariya abin da ake kuka da shi a jiha.

Mai Tireda
Mu 'yan kasuwa ba kasafi ne ya kai mu ba, ƙarin kuɗin rumfa ne. Kwatsam masu karɓar haraji suka zo da sabon farashi, wai majalisa ta amince. Muka haɗu da sarkin kasuwa muka je. Wani malamin makaranta da ya raka mu ya nuna mana cewa kasuwa da tasha da mayanka da kwashe shara duk suna cikin jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki, ayyukan ƙaramar hukuma ne. To muka ce mun yarda mu biya, amma da sharaɗi biyu: rasit mai lamba, kuma a rufe rumfunan masu kayan gwari da iska ta yaye. Muka zube musu tsofaffin rasit a gabansu, rabi duk yagaggiyar takarda ce da biro, ba hatimi. An rage ƙarin, an buga sabon rasit. Kwanon kuwa sai da damina ta wuce.

Maman Hanifa
Hajiya, maganarki ta taɓa ni. Mu matan unguwarmu ɗakin haihuwa muke nema a ƙaramin asibitinmu, domin mai naƙuda da mai zazzaɓi ɗaki ɗaya ake kwantar da su, labule ne kawai tsakani. Mun je ranar zaman, aka ce ba kujerun baƙi, muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya har azahar. Da aka shigar da mu biyu, na duba zauren kaf babu mace ko ɗaya cikin kansilolin. Sun saurare mu da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba, kuma an sa aikin. Amma ko bulo ɗaya ba a ajiye ba. Shekara ta zagayo aka sake sa shi, da kalmomin nan dai, kuɗin ne kawai aka ƙara. Har yanzu labulen nan yana nan.

Na Maraɗi
Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Mu nan a Nijar, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Disamban 2020, na halarci zaman kasafi a merin garinmu, wato ofishin magajin gari. Takardu da Faransanci ake rubutawa, amma gardama da Hausa ake yi, ga hakimai zaune suna ba da shawara. Rigimarmu kullum a kan lanho take, wato haraji: magajin gari ya ce mutane ba su biya, kansiloli su ce mutane ba su ga abin da aka yi da na bara ba. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ana aiki, amma wannan zama da talaka zai tsaya bakin taga ya ji kansilansa na jayayya a kan dala ɗaya, ina kewarsa.

Malamin Firamare
A jihar Kaduna akwai tsarin takardar buƙatun al'umma da ake kira CDC, inda mazaɓa ke zama ta jera abin da ta fi buƙata kafin a haɗa kasafi. Namu a ajin makarantarmu aka yi. Matasa suka dage sai taransifoma, mata suka ce ruwa, dattawa suka ce katangar maƙabarta don dabbobi na tattake kaburbura. Da aka ɗaga hannu ruwa ya zo na ɗaya, saboda mata sun fi yawa a ɗakin. Tuƙa-tuƙa muka samu, sauran biyun suna jira. Ɗan Mazaɓa, ka bincika ko ana irin wannan zama a wajenku, ku cika ɗakin da mutanenku.

Hajiya Mai Ritaya
Maman Hanifa, 'yata, kada ku gaji. Tunda aikin yana cikin kundi, ku sa kansilanku ya ba ku shafin da lambar aikin, ku rubuta wa ciyaman kuna ambaton lambar, kwafi ga ma'aji da shugaban sashen lafiya. Ku kai a makon da aka yi rabon kuɗin wata daga asusun tarayya, domin a lokacin ne kwamitin kuɗi ke zama ya zaɓi abin da za a fitar wa kuɗi. Ku tafi da ungozomar asibitin, ta riƙo rajistar haihuwarta.