Institutions: wai "cibiyoyi" ne da gaske?

Jama'a, ku matso mu warware wata kalma da ta daɗe tana ba ni ciwon kai.

A watan Oktoban 2024, da aka ba Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson kyautar Nobel ta tattalin arziki, na shiga aji na ce wa ɗalibaina an karrama su ne don sun nuna yadda "cibiyoyi" ke azurta ƙasa ko su tsiyata ta. Wani yaro can baya ya ɗaga hannu: "Malam, ai mu ma muna da cibiyoyi. Ga babban banki, ga kotuna, ga hukumar zaɓe. To me ya hana mu?" Na yi shiru, don gaskiyarsa ce. Fassarata ce ta kai shi ga gini da allon suna a bakin ƙofa.

Masanan nan ba gini suke nufi ba. Douglass North, wanda shi ma ya ci wannan kyauta a 1993, ya bayyana abin da cewa ƙa'idojin da jama'a ke zaune a kansu ne, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba, haɗe da yadda ake tilasta bin su.

Ku dubi adashi. Uwar adashi ba ta da ofis, ba ta da hatimi, wata ma littafinta bangon ɗaki ne da gawayi. Amma kowace mace ta san ranar zubi, ta san ranar kwasarta, ta kuma san wadda ta kwasa ta ƙi zubawa ta gama shiga adashi a unguwar. Haka fataken shanun da suka riƙa gangarawa Sabo ta Ibadan a zamanin Turawa: bafatake ya sauka gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya wa kuɗin. Baƙo ya bar dukiyarsa a hannun mutanen da bai taɓa gani ba, ya kwana da minshari. Wannan shi ne abin da kalmar ke nufi, kuma ko kusa ba cibiya ba ne.

An kawo mini shawarwari. "Hukumomi" ta fi cibiyoyi ɓata zance, don kai-tsaye gwamnati take nunawa. "Dokoki" ta yi ƙunci. Doka nawa ke kwance a takarda ba mai waiwayarta? "Al'ada" ta ɗauki adashi amma ta bar kotu a waje. Wata 'yar'uwa ta ce "ginshiƙai", kuma na so ta, sai dai duk wanda na faɗa wa sai ya tambaye ni ginshiƙan me. "Tsari" zalla kuwa ta yi faɗi, har jeren kwanukan amarya tsari ne.

Ni dai na tsaya a kan "kafaffen tsari", jam'i "kafaffun tsare-tsare". Abin da ya kafu, aka san shi, ake sa ran gobe ma haka zai kasance, ko wane ne ke kan kujera.

Na gwada ta a jimla ta zauna. An raba Koriya a 1945, harshe ɗaya, tarihi ɗaya, amma yau Kudu na sayar wa duniya motoci da wayoyi, Arewa na fama da abinci: bambancin kafaffen tsari ne. Kuma ta buɗe mana hanyar fassara rabon da su Acemoglu suka yi. Akwai "tsarin tatsa", inda 'yan tsiraru ke tatse gumin jama'a, kamar yadda 'yan mulkin mallaka suka kafa a wuraren da ba su yi niyyar zama ba, suka tafi suka bar wa magada. Akwai kuma "tsarin damawa da kowa", inda talaka ya tabbata gonarsa tasa ce, kuma alƙali zai saurare shi. Da waɗannan biyu har zancen ƙaura ya yi sauƙin bayani. Likitan da ya bar asibitinmu ya koma Ingila ko Saudiyya, hannunsa na jiya ne. Tsarin da zai biya shi a ƙarshen wata ya bi.

Wani ya ce "kafaffe" kamar yabo ne. A'a. Na goron da direba ke miƙawa a shingen hanya ma kafaffe ne, har farashinsa an sani.

Aibinta ɗaya da na yarda da shi: jam'in ya yi nauyi a baki, mai karanta labarai a rediyo zai ji jiki. "Cibiya" kuwa mu bar wa asibiti da makaranta abinsu. Wanda ke da gajeriyar kalma ya kawo, amma ya fara gwada ta a kan uwar adashi da kotun ƙoli, ya ga ko za ta ɗauke su duka biyu.