Abin da Aka Ce wa Mai Tafiya Kalaba Game da Abinci

A wata hira da abokan aiki suka yi a Abuja kan tafiya Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, shawara ta fi karkata ga miya. Waɗanda suka taɓa zuwa sun ce baƙo ya fara da edikang ikong, miyar ganyen ugu mai manja da busasshen kifi da jatan lande, sannan ya gwada afang, wata miyar ganye, da sakwara ko teba, amma ya ci kaɗan da farko, domin cikin da ya saba da miyar kuka yakan yi gardama. Sun nanata a tambayi irin naman da aka sa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi kifi, ko ya nufi Bogobiri, unguwar Hausawa, inda tsire da tuwo ba sa yankewa.